Shanun Da Na Rubuta Wa Rasit

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar shafin nan. Na ga saƙonninku, masu zagi da masu addu'a, duk na karanta. Yau zan ba ku labarin kwana uku, Litinin zuwa Laraba. Ban nemi kowa ya wanke ni ba, ku dai saurare ni har ƙarshe.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Juwairiya, 'yar Malam Bakari tsohon hedimasta, gidanmu yana Lokuwa a nan Mubi. Akanta na karanta a Poli. Wata bakwai na yi ina zaune a bayan tebur a ofishin wani kamfani mai suna Garken Zamani, ina karɓar kuɗin mutane ina rubuta musu rasit. Ka biya kuɗin sa guda ko rabin sa, kamfani ya yi maka kiwonsa a gonarsa, duk wata a turo maka riba kashi ashirin da biyar cikin ɗari. Idan ka buɗe manhajar a wayarka za ka ga hoton sanka da lambarsa a kunne. A garin da ko yaro ya san farashin sa a tike, wato kasuwar shanu, ba a sha wahalar jawo mutane ba.

Manajan reshen kuwa Mansir ne. Mansir ɗina. Saura sati biyar a ɗaura mana aure.

Kada ku ɗauka don motarsa na so shi. Shekara biyu yana zuwa zance da ƙafa, lokacin yana sayar da caja da murfin waya a bakin tasha, rigarsa ɗaya mai kyau, ruwan toka, wadda yake gogewa har wuyanta ya koɗe. Ranar da na faɗi jarrabawa shi ya zauna a zaurenmu yana yi min bitar lissafin da shi kansa bai gane ba, har na yi dariya. Wannan mutumin na so. Akwatuna shida na lefe da aka jera a ɗakin Dada, mahaifiyata, aka lulluɓe da farin leshi, daga baya suka zo.

Ranar Litinin da hantsi Dorathy ta shigo ofis. Ƙawata ce tun sakandare, 'yar unguwar Gude, tare muka yi cin gyaɗa a bayan aji. Ta ja kujera ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Juwai, Baba na zai sayar da gonan bakin mayo. Laraba zai kawo kuɗin nan."

Na ajiye biro. "Gonar bakin kogin da kuke shinkafa? Ga damina ta kusa?"

"Ya ce ƙafansa ya gaji. Ya ce gara ya saya shanu a wurinku, ya zauna a gida riba yana zuwa." Ta kama hannuna. "Ya ce in tambaye ki. Ke kin taɓa ganin shanun da idonki?"

Na buɗe baki zan ce eh, sai na ji ba zan iya ba. Wata bakwai, ban taɓa taka gonar kamfanin ba. Hotunanta ne dai manne a bangon ofis, manyan bijimai farare a ƙarƙashin wani ƙyallen talla mai sunanmu. Duk sanda na ce Mansir ya kai ni, sai ya ce likitan dabbobi ya hana baƙi shiga saboda cuta.

Na ce mata, "Ki ba ni zuwa gobe."

Wallahi ba da zargi na tafi ba. So nake in ɗauko bidiyo in tura mata, mahaifinta Baba Nathaniel ya samu kwanciyar hankali.

Talata da sassafe na ce wa Dada zan je awon ɗinki. Na sa doguwar riga mai duhu da hijabi ruwan ƙasa, na hau Keke zuwa bakin gari, daga nan na ɗauki ɗan acaba zuwa wajen Muchalla, inda takardunmu suka ce gonar take. Muka yi ta tambaya. Ba wanda ya san Garken Zamani. Sai da na nuna wa wata mai tallar nono hoton a wayata, ta ƙura masa ido, ta yi dariya.

"Ai wannan garken Bappa Adi ne. Ga tsamiyarsa nan a hoton."

Na sami dattijon a gindin tsamiyar yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi da Fulatanci, ya amsa da fara'a. Na miƙa masa wayar. Ya kalla, ya nuna wani bijimi da yatsa, ya kira sunansa kamar mai kiran jikansa.

"Bappa, na kamfani ne?"

"Wane kamfani? Nawa ne, na gada wurin ubana." Ya ci gaba da tufkarsa. "Bara wasu samari suka zo da mota. Suka ɗaura ƙyalle a itace, suka manna wa shanu takarda a kunne, suka ɗauki hoto ta gaba, ta baya, ta gefe. Suka ba ni buhun dusa biyu. Kafin azahar sun kwance ƙyallensu sun tafi."

Na ƙirga shanun da ke garken. Goma sha tara. Ni kuwa da hannuna na rubuta rasit na shanu sama da dubu ɗaya da ɗari huɗu.

A hanyar dawowa na ce ɗan acaba ya tsaya a wani tudu inda waya ke kamawa. Na buɗe shafin hukumar da ke kula da harkar zuba jari a Abuja. Wani malaminmu a Poli ya sha faɗa mana cewa takardar rajistar kamfani daban, lasisin karɓar kuɗin jama'a daban. Ta farkon ko mai gidan burodi yana da ita. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci maki, sannan na zo na zauna wata bakwai a ƙarƙashin takardar rajista da aka sa a firam mai ruwan zinare, ina nuna wa mutane ita ina cewa, "Ga shi gwamnati ta san da mu."

Na duba jerin masu lasisi. Babu sunanmu. Na gangara ƙasa, sai ga shi a wani jeri dabam, na kamfanonin da aka gargaɗi jama'a su guje su. Wata biyu da fitar da sanarwar. Da Turanci, a shafin da babu mai sayar da hatsi ko ɗaya a kasuwar Mubi da ya taɓa buɗewa.

Kai tsaye ofis na wuce, ƙafafuna duk jar ƙasa. Mansir yana ɗakinsa, ya sha farar shadda da aiki ruwan sararin samaniya, ƙamshin turarensa ya cika wurin. Na rufe ƙofa, na ajiye masa wayata a kan tebur, hoton Bappa Adi da shanunsa a buɗe.

Bai yi mamaki ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya cire hularsa ya ajiye, ya dafe kai.

"Wa ya kai ki?"

"Tun yaushe ka sani?"

"Juwai, zauna."

"Tun yaushe, Mansir?"

"Wata uku." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Wallahi da farko ni ma na yarda. Oga, mai kamfanin, ya ce gonar gaskiya tana wata jiha, wannan hoton talla ne kawai. Ban taɓa ganinsa ba, ta waya muke magana. Rabin abin da muka tara nake tura masa, rabi in biya riba. Da na matsa sai na ga shanu, ya ce in na sake tambaya zai rufe manhajar, ni mutane suka sani ba shi ba."

"Shi ne ka ci gaba da karɓa."

"In na daina karɓa yau, Juma'a da me zan biya? Kin san abin da za a yi min a garin nan?" Ya taso ya zagayo, ya tsaya nesa kaɗan da ni kamar yadda ya saba. "Ki ba ni sati biyar. A ɗaura auren nan, in lallaɓa in fitar da na kusa da mu, mu bar garin. Kuɗin Babanki zan fara fitarwa. Juma'ar nan."

"Da kuɗin wa?"

Ya kau da kai. Ba sai ya faɗa ba. Ni ce mai rasit, na san babu wani babban kuɗi da ake jira a satin nan sai na gonar Baba Nathaniel.

Na ɗauke wayata na fito, ban ɗauki ko jakata ba. Ina cikin Keke saƙonninsa suka fara shigowa.

"Amaryata ki yi haƙuri."

"Kada ki gaya wa kowa don Allah."

"Duk abin da na yi don in same ki na yi."

Na karanta na ƙarshen sau uku.

Bayan sallar magariba na sami Baba a tsakar gida a kan tabarmarsa, Dada tana zuba masa tuwon masara da miyar yakuwa. Ku fahimci wane ne Babana. Shekara talatin da biyar yana koyarwa. Shekara shida yana jiran garatutinsa, yana hawa mota zuwa Yola da fayil a hammata yana dawowa hannu biyu. Ranar da kuɗin suka fito, sati bai cika ba ya kai su Garken Zamani gaba ɗaya, saboda surukinsa ne manaja, 'yarsa ce mai rasit. Da ya karɓi riba sau biyu, sai ya mayar da ita ciki, ya kuma ja abokansa na masallaci su ma suka shiga. Dada kuma ta zuba adashin matan layinmu da ke hannunta.

Na durƙusa na faɗa musu komai. Shanu goma sha tara, buhun dusa, sanarwar Abuja.

Dada ta saki ludayi. "Innalillahi. Juwairiya, rufe bakinki, bango yana ji. Lefe yana ɗaki, an raba goro, kati yana wurin bugawa. Kina so a nuna mu da baki a Lokuwa?"

"Dada, ba maganar baki ba ce."

"To maganar mene ne? Yaron nan ya taɓa hana ki wani abu?"

Baba ya wanke hannunsa duk da bai ci ko loma ba. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Ya ce Juma'a zai fitar min da nawa?"

"Haka ya ce, Baba. Amma da kuɗin Baban Dorathy zai biya ka. Gobe zai kawo su. Gonarsa zai sayar."

Na ɗauka zai yi salati ya miƙe. Mutumin da ya taɓa korar ɗan ƙaninsa daga makaranta saboda satar amsa. Amma ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa har sai da na matso.

"Mamana," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. "Shekarata sittin da takwas. Ba ni da gona, ba ni da shago. Ƙannenki uku suna makaranta. Ban ce ki yi ƙarya ba. Na ce ki yi shiru kwana uku. Bayan Juma'a ni da kaina zan raka ki duk inda za ki kai ƙara."

"Baba, shi fa Baba Nathaniel?"

"Allah zai duba shi."

Bai iya kallona ba da ya faɗa. Ni ma ban iya kallonsa ba. A rayuwata ban taɓa jin Babana ya roƙi kowa ba, ranar nan ni ya roƙa.

Zan faɗa muku gaskiya, na amsa masa da "to". Na shiga ɗaki da niyyar yin shiru. Na ce a raina ai ba ni na ce ya sayar da gona ba. Na ce gobe zan yi ƙaryar ciwon kai in ƙi zuwa ofis, wani ya rubuta rasit ɗin, hannuna ya fita. Har na tsara saƙon da zan tura wa Dorathy, "Komai lafiya ƙawata," na bar shi ban tura ba.

Da asuba bayan na idar da salla, saƙonta ya shigo.

"Juwai ina jiranki. Baba ya ce abin da kika faɗa shi zai yi."

Na zauna a kan sallaya na yi kuka mai isata. Sannan na ɗauki hijabina. Dada tana hura wuta ta ce, "Ina zuwa?" Na wuce. Ta kira sunana sau biyu har na fita zaure.

Na isa Gude rana ta fara zafi. Baba Nathaniel yana zaune a kan benci a ƙofar gida, ya sa rigarsa ta zuwa coci, wata baƙar leda a cinyarsa ya dafe ta da hannu biyu. Dorathy na tsaye a bayansa. Ya washe baki da ya gan ni.

"Yarinya na! Kai ne ya zo da kanka? Yanzu muna shiri mu taho."

Na durƙusa a gabansa. "Baba, kada ka kai kuɗin nan. Babu shanu. Na je na gani da idona."

Na nuna musu hotunan, na karanta musu sanarwar na fassara. Dorathy ta toshe baki. Shi kuwa ya kalli ledar da ke cinyarsa ya daɗe.

"Jiya da yamma na sa hannu," ya ce. "A gaban mai unguwa. Mai sayen ya riga ya kai taki."

Jiya da yamma. Lokacin ina tsaye a ofishin Mansir da amsar a cikin wayata. Da daga Muchalla na kira Dorathy, da gonar tana nan. Kira ɗaya. Na zaɓi in fara jin ta bakin saurayina.

"Baba, ka yafe min."

"Kuɗin yana hannu na, ko? To ka cece rabi." Ya miƙe da ƙyar, ya miƙa wa Dorathy ledar. "Amma matan zumunta na cocinmu sun sa kuɗin ginin aji a wurinku. Dole in gaya wa Fasto yanzu. Ba zan iya rufe baki ba."

Na ce, "Na sani, Baba."

Na san kuma abin da hakan ke nufi. Kafin in kai gida maganar ta riga ni. Guruf ɗin masu zuba jari na WhatsApp ya rikice, saƙon murya a kan saƙon murya, Hausa, Fulatanci, Turanci. Ƙarfe sha biyu manhajar ta daina buɗewa, sai wani rubutu da ke cewa ana gyara. Ƙarfe ɗaya aka goge guruf ɗin gaba ɗaya.

Na yi sallama a gida. Baba yana zaune a inda na bar shi jiya, wayarsa a hannu, yana danna manhajar tana ƙin buɗewa, yana sake dannawa. Bai amsa sallamata ba. Dada tana ɗaki, mata uku na layinmu sun tsaya mata a ƙofa da mayafai a kafaɗa, ɗaya tana cewa, "Mu dai adashinmu muka sani." Da ta hango ni ta kan kafaɗarsu, kallon da ta yi min ban taɓa ganinsa a fuskarta ba.

Na shige ɗakinmu na rufe. A shafin hukumar akwai fom na kai ƙorafi. Na cike sunan kamfani, adireshi, lambar asusun da ake tura wa Oga, wadda na haddace saboda yawan ganinta a takardun banki. Na san in akwai abin da za a iya kamawa, a wannan asusun yake, kuma kowace awa yana raguwa. Sai na iso layin da ke tambayar sunayen waɗanda suka karɓi kuɗin daga hannun jama'a.

Na rubuta sunan Mansir cikakke. Na goge. Na sake rubutawa. A ƙarƙashinsa na rubuta Juwairiya Bakari. Na tura.

Amsa ta dawo nan take, irin wadda na'ura ke bayarwa: an karɓi ƙorafinki, za a tuntuɓe ki cikin kwanakin aiki.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara. Mansir. Na ɗauka. Ban ji muryarsa da farko ba sai hayaniya, da ƙarar ana dukan ƙarfe.

"Juwai, sun kewaye ofis. Ina ciki, na kulle. Oga ya kashe waya." Numfashinsa yana fita sama-sama. "Na kira 'yan sanda sun ce suna hanya. Ki zo. Ke za su saurara, ke kika faɗa musu gaskiya. Ki gaya musu ban gudu ba. Juwai, akwai mai jarkar fetur."

Wayar ta katse. Na kira, tana shiga ba a ɗauka.

Na fito da gudu ina saka hijabi a bai-bai. A bakin zaure na tarar da Baba a tsaye, ya tare hanya. Na ɗauka hana ni zai yi, har na fara haɗa kalmomin roƙo.

"Baba, za su kashe shi."

Ya kalle ni, karo na farko tun jiya. Fuskarsa ta faɗa kamar wanda ya yi jinyar wata guda.

"Kin kai ƙarar?"

"Na kai. Har da sunana."

Ya rufe ido ya buɗe. "Ɗauko min hulata da takalmina. Mutum goma sha ɗaya na kai wa yaron nan daga masallaci da bakina. In za a jefi wani, ba ke kaɗai za ki tsaya ba."

Dada ta fito tana kuka tana riƙe masa riga, ya zare hannunta a hankali. Muka fita titi. Babu Keke ko ɗaya, duk sun yi wajen kasuwa, ɓangaren ofishinmu, inda mutane ke gudu suna nufa. Muka kama hanya da ƙafa, Baba yana ɗingishi yana sauri, ni ina ta danna lambar Mansir. Ta shiga sau huɗu. A na biyar aka ce min wayar a kashe take.

Muna shan kwanar babban titi Baba ya tsaya cak, ya kama hannuna ya matse. Na bi idonsa da kallo. Ta saman rufin shagunan da ke jere da ofishinmu, baƙin hayaƙi ne ke tashi.